Ciwon daji a jikin yara: alamomin da ya kamata iyaye su sani da kulawar da ke kai yaro ƙarshen magani

Mutane da yawa sun ɗauki ciwon daji, wanda ake kuma kira sankara ko kansa, a matsayin cutar manya. Amma yana kama yara, har da jarirai. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa kowace shekara yara da matasa kusan dubu 400, daga haihuwa zuwa shekara 19, suke kamuwa da shi a duniya. A ƙasashe masu arziki fiye da 80 cikin 100 na waɗannan yara suna warkewa. A ƙasashe da dama masu ƙaramin ƙarfi kuwa, waɗanda ke warkewa ba su kai 30 cikin 100 ba.

Ƙarancin magunguna da kayan aiki na cikin abin da ya kawo wannan rata. Akwai kuma dalilai uku da iyali ke da hannu a cikinsu: zuwa asibiti a makare, cututtukan da ke afka wa yaro yana tsakiyar magani, da katse magani kafin ya ƙare. A ƙasa irin Nijar, inda kusan rabin al'umma ba su kai shekara 15 ba, sanin waɗannan abubuwa ya shafi kowane gida.

Mene ne ciwon daji a jikin yaro?

Jikin mutum ya ƙunshi ƙananan ƙwayoyin halitta da ke haihuwa, su tsufa, su mutu bisa tsari. Idan wasu daga cikinsu suka kauce wa tsarin suka riƙa yawaita ba tsayawa, sai su zama ƙari a wani sashe na jiki, ko su cika ɓargo su hana shi yin jini mai kyau. Wannan shi ne ciwon daji.

Na yara ya bambanta da na manya. A mafi yawan lokuta ba a san abin da ya tayar da shi ba, kuma ba ya da alaƙa da abin da uwa ta ci tana da ciki ko wani sakaci na iyaye. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci a kwano ɗaya, ko kwana a shimfiɗa ɗaya, ko wasa tare. Kusan yaro ɗaya cikin goma ne ciwonsa ke da nasaba da gado. Yawanci ba ya da rigakafi, shi ya sa gano shi da wuri ne babban makami. Yana saurin girma fiye da na manya, amma kuma ya fi nasu jin magani.

Nau'o'in da aka fi gani a yankin

*Dajin Burkitt.* Wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Ailan, Denis Burkitt, shi ne ya bayyana shi a Yuganda a 1958. Ya fi yawa a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, kuma yana da alaƙa da wata ƙwayar cuta mai suna Epstein-Barr. Ya fi kama yara masu shekara 4 zuwa 7, maza sun fi mata. Yakan fito a muƙamuƙi ko kewayen ido, haƙora su yi girgiɗi, fuska ta karkace, ko kuma ya fito a ciki. Yana cikin masu saurin girma ƙwarai: ƙarin na iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Magani kuma yana saurin narkar da shi.

*Dajin ƙoda.* Likitoci na kiransa nefurobulastom ko ƙarin Wilms. Ya fi kama yara ƴan ƙasa da shekara 5. Sau da yawa uwa ce ke fara jin wani ƙullutu mai tauri a gefe ɗaya na ciki tana yi wa yaro wanka, alhali yana wasansa ba ya kukan komai. Wani lokaci jini kan fito a fitsari. Ana fara ba da magani na wasu makonni don ƙarin ya ragu, a yi fiɗa a cire ƙodar da ta kamu, sannan a ci gaba da magani. Mutum na rayuwa lafiya lau da ƙoda ɗaya.

*Dajin ido.* Sunansa retinobulastom, kuma kusan duk waɗanda yake kamawa ba su kai shekara 5 ba. Alamar farko ita ce wani farin haske a tsakiyar baƙin ido, kamar idon kyanwa idan an haska mata cocila da dare. Yakan fito fili a hoton salula da aka ɗauka da filashi. Alama ta biyu ita ce ido ya fara karkacewa, irin abin da ake kira harara-garke. Ana yawan ɗaukarsa hakiya ko yanar ido a yi ta ɗiga magani, har idon ya kumbura ya fito waje. Yana iya kama ido biyu, kuma wani kaso nasa gado ne, don haka ana duba idon ƙannen yaron su ma.

*Dajin jini.* Wannan yana farawa ne a ɓargo, kuma shi ne ya fi yawa a tsakanin yaran duniya. Ba ya fitar da ƙarin da ido zai gani. Yaro ne zai ɗashe, ya riƙa gajiya, zazzaɓi ya ƙi barinsa, ƙasusuwa su yi ta ciwo, jini ya riƙa fita daga hanci ko dasashi. Maganin irin da ya fi yawa yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku.

*Dajin kaluluwa na Hodgkin.* Ya fi kama manyan yara da matasa. Kaluluwar wuya ce ke kumbura a hankali ba tare da zafi ba, wani lokaci tare da zazzaɓi, gumin dare da rama.

Akwai kuma ƙarin ƙwaƙwalwa, da na ƙashi wanda ya fi fitowa kusa da gwiwa a lokacin balaga.

Alamomin da ba a jira da su

Yawancin yaran da ke da ɗaya daga cikin alamomin nan wata cuta ce dabam ke damunsu. Duk da haka kowace ɗaya ta isa a kai yaro a duba shi, a kuma koma idan bai samu sauƙi ba:

- Farin haske a cikin baƙin ido, sabuwar karkacewar ido, ko idon da ya turo waje.
- Kumburi ko ƙullutu a ciki, muƙamuƙi, wuya, hannu, ƙafa ko maraina, musamman mai tauri, marar zafi, mai ƙaruwa.
- Kaluluwar da ta wuce wata ɗaya ba ta sauka ba, ko wadda ta fito a ramin da ke tsakanin wuya da kafaɗa.
- Zazzaɓin da ya kai mako biyu, ko mai tafiya yana dawowa, bayan an sha maganin zazzaɓin cizon sauro yadda ya kamata.
- Ɗashewar tafin hannu da cikin ido, da gajiyar da ke hana yaro wasa.
- Haɓo a kai a kai, jini a dasashi, tabon taruwar jini ba tare da an bugu ba, ko ƙananan jajayen ɗigo a fata da cikin baki.
- Ciwon ƙashi ko gaɓoɓi mai tayar da yaro daga barci, ɗingishi, ko yaron da ya iya tafiya ya daina.
- Ciwon kai mai ƙaruwa tare da amai da sassafe, tangaɗi, sauyin hali, ko kan jariri ya riƙa girma fiye da kima.
- Rama ba dalili, ƙin abinci, da gumin da ke jiƙa shimfiɗa da dare.

Abin lura a nan shi ne daɗewa da ƙaruwa. Cututtukan yau da kullum suna sauƙi idan an yi musu magani. Alamar da ta ƙi tafiya, ko take ƙara tsanani mako bayan mako, ita ce ke neman bincike na gaba.

Abin da ke jawo makara

Alamomin dajin yara suna kama da na cututtukan da aka saba da su. Zazzaɓi da ƙarancin jini da kumburin saifa sun yi kama da zazzaɓin cizon sauro. Ciwon ƙashi ya yi kama da sikila. Rama da ƙaton ciki sun yi kama da tamowa. Kumburin muƙamuƙi akan ce haƙori ne ko hangum, kaluluwa kuma a zargi tarin fuka. Wani abin da ke ƙara rikita lamarin shi ne, da damina yaro mai dajin jini zai iya kasancewa yana da zazzaɓin cizon sauro na gaske a lokaci guda. Awo ya nuna cutar, a ba da magani, a sallame shi, alhali babbar matsalar tana nan. Saboda haka yana da muhimmanci iyaye su riƙa tafiya da karnen lafiyar yaro da tsofaffin takardun magani, su faɗa wa ma'aikacin lafiya sau nawa aka yi wannan maganin da kuma ko an taɓa yi wa yaron ƙarin jini.

Akwai kuma maganar da ta yaɗu a ƙasar Hausa cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe, wai idan aka taɓa shi sai ya fashe ya bazu. Abin da ke faruwa shi ne, yawancin masu ciwon ba sa isa asibiti sai ya riga ya bazu, to idan rai ya yi halinsa sai a ɗora wa allura laifi. Dajin Burkitt, alal misali, da allura da ƙarin ruwa ake warkar da shi. Sakiya, tsaga da ƙaho a kan ƙari ba sa rage shi, sai dai su buɗe ƙofar zubar jini da ruɓewa, makonni kuma suna wucewa.

Haɗari na uku shi ne magungunan bakin titi. Ƙwayoyi irin su dekizametazon da firedinizolon, waɗanda ake saye don buɗe ciki ko ƙiba, suna iya sauke kumburin dajin jini da na kaluluwa na ɗan lokaci. Iyaye su ga kamar an samu lafiya, awo ya kasa nuna cutar sarai, daga baya ta dawo ta fi wuyar magani.

Hanyar da ake bi

Matakin farko shi ne cibiyar lafiya ta unguwa, CSI, ko asibitin gunduma. Tun 2006 doka ta tanadi kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a cibiyoyin gwamnati. Daga nan ana tura yaro babban asibitin jiha ko cibiyar kula da uwa da yaro, ko asibiti irin na ƙasa da ke Damagaram. Awon jini da ake kira NFS da hoton ciki na eko sukan nuna inda aka dosa. Tabbatarwa kuwa sai an ɗebi ɗan ruwan ɓargo ko ɗan naman ƙarin an duba a na'ura.

A Yamai akwai Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa, CNLC, inda aka buɗe sashen gashi da na'ura a 2021 da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Masu kula da dajin yara a Yamai suna aiki tare da ƙungiyar GFAOP, wadda Farfesa Jean Lemerle ya kafa a 2000 don haɗa likitocin Faransa da na Afirka masu wannan fanni. Ƙungiyar ta fi mayar da hankali kan nau'o'i biyar da aka bayyana a sama, domin suna da yawa kuma suna warkewa da magungunan da aka daɗe da sani.

Magani iri uku ne: shimiyo, wato magungunan da ke kashe ƙwayoyin daji ta jijiya ko ta baki, da fiɗa, da gashi. Likita ne ke haɗa su gwargwadon nau'in ciwon da inda ya kai.

Zazzaɓi lokacin shimiyo: ba a kwana da shi

Shimiyo ba ya bambance ƙwayoyin daji da sauran ƙwayoyin jiki masu saurin haihuwa. Yana rage fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne garkuwar jiki, kuma sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an sa maganin. A wannan tsakanin, ƙwayar cutar da lafiyayyen yaro zai kawar ba tare da an sani ba tana iya kashe mai shimiyo cikin sa'o'i.

Don haka gidan da ke da irin wannan yaro yana buƙatar ma'aunin zafin jiki, a riƙa sa shi a hammata. Idan zafi ya kai digiri 38, ko yaro yana rawar sanyi, ko ya yi laushi fiye da yadda aka saba, a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. A gaya wa ma'aikatan cewa yana kan shimiyo da ranar da aka sa masa na ƙarshe, domin yana buƙatar antibiyotik ta jijiya ba tare da jinkiri ba. Ko awo ya nuna zazzaɓin cizon sauro, wannan bai kore wata cutar a cikin jini ba. Kada a ba da parasetamol kafin a auna zafin, don yana ɓoye shi. Kada a sa ma'auni ko magani ta dubura.

Sauran abubuwan da ke sa a koma asibiti da gaggawa su ne jinin da ya ƙi tsayawa, numfashi da ƙyar, amai ko zawon da ya hana ruwa zama, rashin fitsari, da farfaɗiya.

Kulawar yau da kullum a gida

*Tsabta.* Wanke hannu da sabulu kafin a taɓa yaro ko abincinsa shi ne kariya mafi arha. A tafasa ruwan shansa. Ya kwana cikin gidan sauro kowane dare. A nisanta shi da mai ƙyanda, ƙarambau ko tari, kuma idan an yi cuɗanya da mai ɗaya daga cikinsu a sanar da likita ranar. Masu zuwa dubiya su rage, mai mura ya yi gaisuwa daga nesa.

*Abinci.* Yaron da ke da tamowa ba ya jure shimiyo kamar mai ƙoshi. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana: kunun gyaɗa, koko da madara, dafaffen ƙwai, wake, kifi, nama mai laushi, miyar zogale, ayaba da lemun da aka ɓare a gida. Abinci ya dahu sosai, a ci da ɗuminsa. A guji nonon da ba a tafasa ba, salak, abincin da ya kwana da na bakin titi. Mai shan mama ya ci gaba da sha. Idan yaro yana ramewa a nemi a haɗa shi da sashen kula da tamowa.

*Baki.* Shimiyo kan sa gyambo a baki har yaro ya ƙi ci. Kurkure baki da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri bayan kowane abinci yana taimakawa. A yi amfani da buroshi mai laushi ko tsumma mai tsabta, don asawaki mai tauri na fasa dasashi. A rage yaji da tsami.

*Amai da bayan gida.* Akwai magungunan hana amai da ake bayarwa tare da shimiyo, a nemi a rubuta na gida. Idan zawo ya zo a fara ba da ruwan gishiri da sukari na SRO a kan hanyar asibiti. Wasu magungunan kuma, irin su binkiristin, suna ɗaure ciki, shi ma a faɗa wa likita.

*Jini.* Ƙwayoyin da ke tsayar da jini su ma suna raguwa. Kada a ba yaro asfirin ko ibufurofen sai da izinin likita. A ɗage kaciya, cire beli, tsaga da cire haƙori har sai likita ya yarda. Yaro zai iya buƙatar ƙarin jini fiye da sau ɗaya, don haka yana da kyau dangi da abokai masu lafiya su shirya ba da jini tun kafin buƙata ta taso.

*Allurar rigakafi.* Wasu alluran, irin na ƙyanda da na shawara da ɗigon shan inna, ba a yi wa yaro su yana kan shimiyo. Idan masu rigakafi sun zo gida a gaya musu halin da yaron ke ciki. Haka ma kowane magani, na farmasi ko na gargajiya, sai an tambayi likita, domin wasu jiƙe-jiƙen suna wahalar da hanta da ƙoda, waɗanda shimiyo ya riga ya ɗora wa nauyi.

*Zafin ciwo.* Yaro yana jin ciwo kamar babba, ko da bai iya faɗa ba. Wanda ya yi shiru, ya daina wasa, ya ƙi a taɓa shi, yana iya kasancewa cikin azaba. Ana farawa da parasetamol, idan bai isa ba a hau zuwa morfin. Morfin da likita ya auna ba ya mayar da yaro ɗan ƙwaya kuma ba ya gaggauta ajali. Taramol na ƴan tebur ba madadinsa ba ne.

Yaron da iyalinsa

Zubewar gashi tana tayar wa iyaye hankali, amma gashin yana dawowa bayan an gama magani. Yara suna gane cewa wani abu na faruwa, kuma sun fi samun natsuwa idan an yi musu bayani daidai hankalinsu. Ce wa yaro allura ba zafi alhali da zafi yana sa ya daina yarda da kowa. Wasa, tatsuniya, zane da karatu suna rage tsoro. Idan likita ya ba da dama, komawa makaranta na da amfani, kuma malamai su sanar da sauran ɗalibai cewa ciwon ba a ɗaukarsa. Ƴan'uwansa na gida su ma suna buƙatar a yi musu bayani, kar su ga an manta da su. Addu'a da zuwa asibiti kuwa ba sa karo da juna.

Babban jarrabawa ita ce kai magani ƙarshe. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, daga Maraɗi fiye da 600, daga Tawa fiye da 500. Kuɗin mota, masauki, abinci da awo suna taruwa, gona da sana'a kuma suna jira, musamman da damina. Sannan bayan zagaye ɗaya ko biyu na shimiyo kumburi yakan sauka, yaro ya miƙe, iyali su ga kamar an gama. Ƙwayoyin da ido ba ya gani suna nan, kuma dajin da ya dawo bayan an katse magani ya fi na farko taurin kai. Shi ya sa tun ranar farko ya kamata a tambayi likita tsawon lokacin maganin da ranakun dawowa, dangi su zauna su raba nauyi: wa zai yi jinya, wa zai riƙe sauran yara, wa zai kawo gudummawa. Idan kuɗi ya yanke, a je ofishin jin ƙai na asibiti a yi bayani kafin a yanke shawarar komawa gida.

Idan warkewa ba ta yiwu ba

Akwai yaran da ciwonsu ya yi nisa ko ya ƙi jin magani. Su ma akwai abin da za a yi musu: kashe zafin ciwo, wanke gyambo, sauƙaƙa numfashi da amai, da barin yaro cikin ƴan'uwansa a inda ya fi so. Iyaye na da haƙƙin a faɗa musu gaskiyar halin da ake ciki, a kuma ba su maganin ciwo da bayanin yadda za su ba da shi kafin su koma gida.

A 2018 OMS, tare da asibitin St. Jude na Amurka, ta ƙaddamar da wani shiri na duniya da ke son aƙalla yara 60 cikin 100 masu ciwon daji su riƙa rayuwa kafin 2030. Ranar 15 ga Fabrairu ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da yara masu ciwon daji. A matakin gida, abin da ake nema bai wuce uku ba: a kai yaro a duba shi idan alama ta daɗe ko tana ƙaruwa, a garzaya asibiti da duk zazzaɓin da ya zo lokacin shimiyo, kuma kada a tsayar da magani sai likita ya ce an gama.